Yadda ake tantance ingancin kundin ƙa'idojin magani da aka gyara don amfanin asibitocinmu

Mafi yawan kundayen ƙa'idojin magani da likitoci, ma'aikatan jinya da ungozomomi ke aiki da su a asibitocinmu ba a nan aka rubuta su tun daga tushe ba. Abin da aka saba yi shi ne a ɗauko kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, ko na wata ƙungiyar ƙwararru ta Amurka, Ingila ko Faransa, kwamiti ya zauna a kansa, ya rage wani abu, ya ƙara wani, ya sauya sunayen magunguna zuwa waɗanda ake samu a ƙasa, sannan a buga tambarin ma'aikatar lafiya ko na asibiti a bangonsa. Wannan ba abin kunya ba ne, domin rubuta kundi daga tushe yana cin shekaru, yana cin kuɗi, yana kuma buƙatar mutanen da suka ƙware wajen tace sakamakon bincike, waɗanda ba su da yawa a ko'ina. Sai dai kundin da aka gyara tamkar rigar aro ce da aka kai wa tela ya rage: ana iya samun aibi a yadin tun asali, ana kuma iya samunsa a ɗinkin. Wanda aka ɗora wa alhakin tantancewa dole ne ya duba duka biyun, kuma a ganina ɗinkin ne aka fi yin sakaci da shi.

Kada mutum ɗaya ya yi wannan aiki shi kaɗai, komai iliminsa. A samu aƙalla mutum biyu, in da hali huɗu, kuma kada a cikinsu a sa wanda ya zauna a kwamitin da ya gyara kundin. Yana da kyau ɗaya daga cikinsu ya kasance mutumin da zai riƙa buɗe kundin da hannunsa a bakin aiki, wato nas ɗin da ke kwana a ɗakin yara, ko jami'in lafiya na ƙaramin asibitin ƙauye, tare da masanin harhaɗa magunguna wanda ya san abin da ke shigowa ma'ajiya da abin da sunansa kawai ake ji. Sannan a tara takardu: kundin da aka gyara, kundin asali da aka ɗauko, rahoton zaman kwamiti, da takardun da mambobi suka bayyana alaƙarsu da kamfanonin magani. Idan kundin bai faɗi inda aka ɗauko shi ba, ko ya tsaya a kan cewa ya bi "ƙa'idojin duniya" ba tare da suna da shekara ba, to a rubuta wannan a matsayin naƙasu na farko, domin duk abin da zai biyo baya ya dogara ne da samun kundin asali a ajiye shi kusa da na gida.

Shekarar kundin asali

Tambaya ta farko mai sauƙi ce, amma tana kama kurakurai masu yawa: wane bugu aka ɗauko, kuma yaushe masu shi suka rufe neman hujjoji? Shekarar da ke bangon kundin gida ba ta nuna shekarun ilimin da ke cikinsa. Kundin da aka buga bara yana iya zama kwafin wanda aka rubuta shekara 10 da suka wuce.

Zazzaɓin cizon sauro ya isa misali, domin shawarwarinsa sun sha sauyawa a gaban idonmu. A 2010 aka wallafa sakamakon binciken AQUAMAT, wanda aka yi a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9, har da cibiya a Ilorin, inda aka ga allurar artesunate ta rage mace-macen yara masu zazzaɓi mai tsanani zuwa kashi 8.5 cikin ɗari, idan aka kwatanta da kashi 10.9 na waɗanda aka yi wa kwinin. Daga 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita artesunate ga yara, a 2015 kuma ta ɗaga adadinsa zuwa miligiram 3 a kowane kilo ga yaron da bai kai kilo 20 ba, maimakon 2.4 da ake ba sauran. A 2022 ta amince da artemether-lumefantrine ga mai ciki a watanni ukun farko, wadda a da kwinin ake ba ta. Haka nan maganin rigakafin damina da ake bi gida-gida ana ba yara a Sahel: shawarar 2012 ta ƙayyade shi ga 'yan wata 3 zuwa 59, zagaye huɗu a shekara, amma ta 2022 ta sassauta wannan iyaka, ta bar wa kowace ƙasa ta duba tsawon daminarta, shi ya sa a wasu jihohin Najeriya ake yin zagaye biyar. Mai tantancewa ya zaɓi irin waɗannan wurare guda huɗu ko biyar da ya san an samu sauyi, ya buɗe kundin gida ya ga ko sauyin ya iso. Cikin rabin sa'a zai gane ko sabon kundi ne a hannunsa ko tsoho da sabon bango.

Aiki da ma'aunin AGREE II

Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya wajen auna ingancin irin waɗannan kundaye shi ne AGREE II, wanda ya maye gurbin na farko da aka fitar a 2003. Ana samunsa kyauta a intanet tare da littafin bayaninsa, akwai shi kuma da Faransanci ga abokan aiki na Nijar, Kamaru da Chadi. Tambayoyi 23 ne a cikinsa, an kasa su kashi 6. Kashi na farko yana duba manufar kundin, tambayoyin da yake son amsawa da mutanen da ya shafa. Na biyu yana duba waɗanda aka sa a kwamiti, da ko an ji ra'ayin marasa lafiya. Na uku, wanda ya fi kowane girma da tambayoyi 8, yana bin diddigin yadda aka nemo hujjoji, yadda aka zaɓe su, yadda aka auna amfani da illa, ko kowace shawara tana ɗaure da hujjarta, ko an ba wasu masana na waje sun duba, da ko an tsara lokacin sabuntawa. Na huɗu fayyace bayani ne, na biyar yiwuwar aiwatarwa, na shida kuma 'yancin kwamiti daga tasirin masu ba da kuɗi.

Kowace tambaya ana ba ta maki daga 1 zuwa 7. Ana ba da 1 ne idan babu bayanin kwata-kwata, 7 kuma idan an cika duk sharuɗɗan da littafin bayanin ya zayyana. Kowane mai tantancewa ya yi nasa a keɓe, ya rubuta lambar shafin da ya samu hujjarsa, kafin a haɗu a tattauna. Wannan batun lambar shafi ba ƙaramin abu ba ne, domin shi ke hana a ba da maki saboda ganin girman shugaban kwamiti. Ƙa'idar ita ce abin da ba a rubuta ba, ba a ba shi maki, ko da kuwa an san kwamitin ya yi shi.

Lissafin kashi ɗaya yana tafiya kamar haka. A ce mutum huɗu ne suka duba kashin yiwuwar aiwatarwa, mai tambayoyi huɗu. Mafi girman abin da za a iya samu shi ne 7 sau 4 sau 4, wato 112, mafi ƙanƙanta kuma 16. Idan jimillar makinsu ta kama 52, sai a cire 16 daga 52 a samu 36, a cire 16 daga 112 a samu 96, a raba 36 da 96, a samu kashi 37.5 cikin ɗari. Haka za a yi wa kowane kashi daban. Ba a haɗa kashi shidan a fitar da maki ɗaya, kuma masu ma'aunin ba su yanke wani adadi da za a ce daga nan kundi ya ci ko ya faɗi ba. Kwamitoci da dama kan ɗauki kashi 60 ko 70 cikin ɗari a matsayin iyaka. Duk wanda za a ɗauka, a yanke shi a rubuce kafin a fara duba kundin, kada a jira sai an ga sakamako. Idan makin mutum biyu ya yi nisa da juna a tambaya ɗaya, misali wannan ya ba da 2 wancan ya ba da 6, galibi ɗayansu ne ya ga wani shafi da ɗayan bai gani ba, sai a koma a duba tare.

A yi wannan awo sau biyu, ɗaya ga kundin asali, ɗaya ga na gida. Sunan babbar ƙungiya a bangon kundin asali ba ya wadatarwa. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya sai a 2007 ta kafa kwamitin da ke tantance kundayenta, bayan an nuna cewa da yawansu sun fi dogara da ra'ayin masana fiye da tataccen bincike.

Inda ma'aunin ya tsaya

AGREE II yana auna hanyar da aka bi da yadda aka ba da rahotonta, amma ba ya faɗa maka ko shawarar da ke cikin kundin daidai ce ga majinyacin da ke gabanka. Kundi yana iya samun maki mai yawa alhali shawararsa ba za ta yiwu a asibitin da babu wuta ba. A nan ne ainihin aikin yake, kuma a nan ya kamata a kashe mafi yawan lokaci.

A zana jadawali mai layi uku: abin da kundin asali ya ce, abin da na gida ya ce, da dalilin da kwamiti ya bayar. A bi manyan shawarwari ɗaya bayan ɗaya. Kowace za ta faɗa cikin ɗayan hali uku: an bar ta yadda take, an sauya ta, ko an jefar da ita. Mutane kan zaci waɗanda aka sauya ne kawai ke buƙatar dalili, alhali wadda aka kwafo ba tare da taɓawa ba ita ma hukunci ne aka yanke a kanta, kuma wani lokaci ita ce mafi haɗari.

Ƙarin ruwa ga yaro mai zazzaɓi mai tsanani shi ne misalin da ya kamata kowane mai tantancewa ya riƙe. Shekaru da yawa kundayen ƙasashen Turai da Amurka suna cewa yaron da jininsa ba ya zagayawa da kyau a ɗura masa ruwa mai yawa cikin gaggawa, kuma an kwafi wannan a wurare da dama. A 2011 aka wallafa binciken FEAST, wanda aka yi a Kenya, Uganda da Tanzaniya a kan yara fiye da 3,000, a asibitocin da ba su da na'urar taimakon numfashi. Cikin sa'o'i 48, kimanin kashi 10.5 na yaran da aka ɗura wa ruwan gaggawa sun rasu, waɗanda ba a ɗura wa ba kuma kashi 7.3. Binciken bai haɗa da yara masu gudawa da bushewar jiki ba, bai kuma haɗa da masu tamowa mai tsanani ba, don haka ba a ɗaukar sakamakonsa a ɗora musu. Daga baya, kundin ƙasa da ƙasa na 2020 kan kula da yaran da cuta ta shiga jininsu ya raba shawararsa gida biyu, ya ce inda babu ɗakin kulawa ta musamman, kuma awon jinin yaron bai faɗi ba, kada a yi ɗurin gaggawa. Idan kundin gida ya ɗauko rabin da aka rubuta don manyan asibitoci ya bar ɗaya rabin, to ya yi kuskure babba ko da bai sauya kalma ɗaya ba.

Ga kuma sauyin da ya dace, daga ɓangaren sikila. Tun binciken STOP na 1998 aka san cewa yaro mai sikila da hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa ya nuna gudun jini ya kai santimita 200 a daƙiƙa yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma ƙarin jini duk wata yana rage wannan haɗari da kusan kashi 90 cikin ɗari. To amma ƙarin jini duk wata na shekaru, tare da maganin fitar da sinadarin ƙarfe da ke taruwa a jiki, abu ne da mafi yawan iyalai a arewacin Najeriya ba za su iya ba, jinin ma ba kullum ake samunsa ba. Kundin ƙungiyar likitocin jini ta Amurka na 2020 ya yarda da wannan, ya ba da shawarar maganin sha mai suna hydroxyurea, aƙalla miligiram 20 a kowane kilo a rana, ga yaran ƙasashen da ƙarin jini a kai a kai ba zai yiwu ba. Binciken SPRING da aka gudanar a arewacin Najeriya, wanda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ke cikin manyan cibiyoyinsa, ya kwatanta miligiram 10 da 20 na hydroxyurea a kowane kilo, bai kuma samu bambanci mai ƙarfi a yawan shanyewar jiki ba. Kundin gida da ya sa hydroxyurea a madadin ƙarin jini, ya faɗi dalili, ya kawo waɗannan hujjoji, ya kuma bayyana wane yaro ne har yanzu ya kamata a tura a ƙara masa jini, ya yi gyara na gaskiya. Wanda kuwa ya share batun gwajin jijiyoyin gaba ɗaya saboda babu na'ura, bai faɗa wa ma'aikaci inda zai tura yaron ba, ya ɓoye matsala ne kawai.

Bambancin waɗannan biyun shi ne abin da ake nema a kowane layi na jadawalin. Rashin kayan aiki dalili ne karɓaɓɓe na sauya shawara, matuƙar an faɗe shi a fili, an kuma nuna abin da aka rasa da abin da aka samu. Abin da ba a karɓa shi ne a sauya a yi shiru, har mai karatu ya ɗauka cewa abin da ke gabansa shi ne mafi kyawun abin da ilimi ya sani.

A kuma tambaya ko kwamitin ya nemi hujjojin gida. A hawan jini, binciken CREOLE na 2019, wanda Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6, ya nuna cewa haɗin magani biyu da ke ɗauke da amlodipine ya fi haɗin perindopril da hydrochlorothiazide saukar da jini a baƙar fatar Afirka. A zubar jini bayan haihuwa, binciken E-MOTIVE na 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero kuma ta jagoranci ɓangaren Najeriya, ya nuna cewa auna jinin da ledar shimfiɗa mai ma'auni, tare da ba da jerin magunguna a lokaci guda, ya rage munanan sakamako da kusan kashi 60 cikin ɗari. Kundin gida da aka rubuta bayan waɗannan shekaru bai ambace su ba, alama ce ta cewa kwamitin bai ɗaga kai daga takardar da yake kwafa ba.

Akwai wata ɓarnar da ke faruwa a ɓoye, wato sauya ƙarfin shawara. Kundaye masu yawa yanzu suna bin tsarin GRADE, wanda ke kasa ƙarfin hujja hawa huɗu, daga mai ƙarfi zuwa mai rauni ƙwarai, ya kuma raba shawara gida biyu: mai ƙarfi, da mai sharaɗi. Shawara mai sharaɗi tana nufin a tattauna da majinyaci, domin ba kowa ne za ta dace da shi ba. Wajen taƙaitawa, sau da yawa "ana iya yin la'akari da" takan koma "a ba da", sharaɗin ya ɓace. Wannan ya fi faruwa idan an juya kundin zuwa Hausa ko an mayar da shi fosta, don haka a gwada fassarar da asalinta jimla da jimla. A lura kuma da kundin da aka haɗo daga tushe biyu masu saɓani, misali ya ɗauki iyakar hawan jini ta Amurka ta 2017, wato 130 bisa 80, a shafi ɗaya, a wani shafin kuma ya bi 140 bisa 90 na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Daga takarda zuwa ɗakin majinyata

Bayan jadawali, sai a ɗauki kowace babbar shawara a tambaye ta abu huɗu: wa zai yi, da me, a ina, kuma wa zai biya. A duba ko maganin yana cikin jerin muhimman magunguna na ƙasa, ko hukumar NAFDAC ta yi masa rajista, da ko an yarda a ajiye shi a matakin asibitin da kundin ya nufa. A duba ko dokokin aiki na jami'an lafiya na matakin farko, da manufar raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya da Najeriya ta amince da ita a 2014, sun ba ma'aikacin izinin yin abin da kundin ya umarce shi. Kundin da ya ce "likita ya duba" a asibitin da likita ba ya zuwa sai ranar kasuwa bai ba da umarni ba.

Allurar oxytocin ita ce zaɓi na farko wajen hana zubar jini bayan haihuwa, amma tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, zafi kuma yana rage mata ƙarfi. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, firjin kuma ba ya samun wuta, kundi nagari zai faɗi yadda za a adana ta, ya kuma kawo madadinta, kamar ƙwayar misoprostol ko carbetocin mai jure zafi. Haka artesunate na matsi ta dubura da ake ba yaro ɗan ƙasa da shekara 6 kafin a tura shi babban asibiti: amfaninsa yana rataye ne da yaron ya isa can ya samu allura da cikakken magani. Binciken CARAMAL a Najeriya, Uganda da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo bai ga raguwar mace-macen da aka yi fata ba a wuraren da wannan sarƙa ta tura majinyaci ke tsinkewa. Saboda haka idan kundi ya ce "a tura", a tambaye shi zuwa ina, da wace mota, kuma me za a yi idan iyaye sun ce ba su da kuɗin tafiya.

Al'adar mutane ma tana cikin wannan lissafi. Kundin ciwon suga da aka gyara don Kano, Sakkwato ko Damagaram, amma bai ce komai a kan azumin Ramadan ba, ya bar ma'aikaci da majinyaci su yi ta lalube wata guda a kowace shekara, alhali akwai kundin ƙasa da ƙasa a kan wannan batu tun 2016, wanda aka sabunta a 2021. Haka kundin da ya dogara kacokan da gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini na 'yan watannin baya, bai yi gargaɗi ba cewa sikila da ƙarancin jini suna iya karkatar da sakamakonsa.

Sai kuma fayyace bayani, wanda ba a gane shi da karatu a ofis. A ba nas ko ungozomar da ba ta taɓa ganin kundin ba shafin jijjigar masu ciki, a ce ta nuna yadda za ta haɗa magnesium sulphate. Kundin asali zai iya tsayawa a kan cewa giram 4 ta jijiya da giram 5 a kowane ɗuwawu. Na gida kuwa ya kamata ya faɗa mata cewa daga kwalba mai ƙarfin kashi 50 cikin ɗari, mililita 8 za ta ja ta haɗa da mililita 12 na ruwan allura don ta jijiya, mililita 10 kuma ga kowane ɗuwawu. Ya faɗa mata ta duba numfashi, fitsari da motsin gwiwa kafin ta maimaita. Ya kuma gaya mata cewa calcium gluconate ne makarinsa idan ya yi yawa. Idan ta tsaya tana lissafi a bayan takarda, to laifin kundin ne. Kada a raina irin wannan: a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi bayan an samu jarirai a ƙasashen Afirka da idanunsu suka lalace saboda an ɗiga musu chlorhexidine, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake sa wa cibiya, a ido, an zaci maganin ido ne. Shawarar sa shi a cibiya tana da hujja, amma sai an haɗa ta da bayanin da uwa da kaka za su gane.

Gwajin da na fi amincewa da shi shi ne a ɗebo fayil ɗin majinyata na baya, kamar 10 zuwa 20, a rufe sunayensu, a bi kowane ɗaya da kundin tun daga shigowa har sallama. Duk inda aka tsaya, ko saboda gwajin da babu, ko maganin da ba a samu, ko yanayin da kundin bai hango ba, a rubuta. A tabbata an haɗa da majinyata masu wuyar sha'ani, irin mai ciki mai sikila, ko yaro mai tamowa da zazzaɓi a lokaci guda, domin a kansu ne kundaye suka fi yin shiru.

Batun kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. A duba wa ya biya kuɗin zaman kwamiti da na bugawa. Idan kundin ya ambaci sunan kasuwa na wani magani maimakon sunansa na asali, ko tambarin kamfani ya bayyana a bangon baya, ko wani magani mai tsada ya hau matakin farko a kundin gida alhali yana mataki na uku a na asali, a nemi bayani a rubuce. Masu ba da tallafi na ƙasashen waje ma suna da abin da suke so a fifita, don haka tambayar ta shafe su.

Rubuta hukunci

Rahoton ya ƙunshi makin kashi shida na kundin asali da na gida, jadawalin kwatanci, da jerin wuraren da fayil ɗin majinyata suka maƙale. Wanda ke son ya auna hanyar da kwamitin ya bi yana iya gwada ta da tsarin ADAPTE mai matakai 24, ko da GRADE-ADOLOPMENT wanda aka fitar a 2017 daga aikin da aka yi da ma'aikatar lafiya ta Saudiyya, ko ya bi jerin RIGHT-Ad@pt na 2022, wanda aka tsara musamman don rahoton kundayen da aka gyara. Ba dole ne kwamitin ya bi ɗayansu harafi da harafi ba, amma dole ne a ga wata hanya da wani zai iya maimaitawa.

Hukunci iri uku ne: a yi amfani da kundin, a yi amfani da shi bayan gyara, ko kada a yi amfani da shi. Mafi yawansu a na tsakiya suke faɗawa, shi ya sa ya kamata a raba gyare-gyaren gida biyu. Waɗanda ke iya cutar da majinyaci, kamar kuskuren adadin magani, tsohuwar shawara da aka janye, ko sharaɗin da ya ɓace, a sanar da su nan take ta takardar gaggawa zuwa duk asibitocin da kundin ya isa, ba tare da jiran sabon bugu ba. Sauran, irin rashin bayyana hanyar neman hujja ko rashin jin ra'ayin majinyata, a ajiye su don zama na gaba. A aika wa kwamitin da ya gyara kundin kwafin rahoton kafin a fitar da shi, domin wataƙila suna da takardun da ba su buga ba, kuma idan sun kawo su ana iya sake duba makin.

A ƙarshen rahoton a rubuta ofishin da zai riƙa bibiyar kundin asali don ganin ko ya sauya, da ranar da za a sake zama, wadda bai kamata ta wuce shekara 3 zuwa 5 ba. Ga zazzaɓin cizon sauro ma wannan ya yi tsawo, domin tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da kundinta na wannan cuta kan intanet inda take sabunta shi a kai a kai, don haka a sa wani ya riƙa leƙa shi aƙalla sau ɗaya a shekara, kafin faɗuwar damina.